Darasin Tarihi: Yaƙin Rayyu, Ranar da Dubu Huɗu Suka Kori Dubu Arba'in

  

Darasinmu na tarihi a wannan fitowa yana kan wani yaƙi ne da aka gwabza kusa da birnin Rayyu a shekara ta 195 bayan Hijira, daidai da 811 Miladiyya. Rayyu tana ƙasar Iran ta yau, ta haɗe da kudancin birnin Tehran. In kun ji an ce wa malami "Arrazi", kamar Fakhruddin Arrazi mai tafsiri, to ga wannan gari ake danganta shi.

Wannan yaƙi na basasa ne, wato yaƙin da 'yan gida ɗaya ke yi wa junansu. Masana suna danganta kalmar da yaƙin Basus, wanda ƙabilun Bakru da Taglibu, 'yan uwan juna, suka shekara arba'in suna yi a zamanin Jahiliyya a kan raƙuma guda. A Rayyu ma duk ɓangarorin biyu Musulmi ne, alƙiblarsu ɗaya, kuma shugabanninsu wa ne da ƙane, 'ya'yan Halifa Haruna Rashid. Ku biyo ni a hankali, ku lura da abu guda tun daga farko har ƙarshe: wata takardar alƙawari. Za ku gan ta a rataye cikin Ka'aba, za ku gan ta an yage, sannan za ku ga irinta a kan tsinin mashi ranar karo.

'Yan uba biyu da takardun Ka'aba

Haruna Rashid, halifa na biyar na daular Abbasiyya, ya yi mulki daga 170 zuwa 193 bayan Hijira (786 zuwa 809). Manyan 'ya'yansa biyu kusan sa'o'in juna ne, watanni kawai ke tsakaninsu. Babban shi ne Abdullahi, wanda aka yi wa laƙabi da Ma'amun. Uwarsa ƙwarƙwara ce mutuniyar Farisa mai suna Marajil. Ƙaramin shi ne Muhammadu, mai laƙabin Amin. Uwarsa ita ce Zubaida, jikar Halifa Mansur wanda ya gina Bagadaza, wadda har yau ake tunawa da ita saboda rijiyoyi da tafkunan da ta sa aka yi wa alhazai a hanyar Makka. Kun ga ke nan 'yan uba ne, kuma ɗaya ɗan sarauta ne ta uwa da uba.

Saboda wannan daraja ta uwa, Amin aka fara naɗawa magaji, Ma'amun kuma bayansa. Haruna ya san halin mutane, ya kuma ji tsoron abin da zai faru bayan ransa. Don haka a hajjin shekara ta 186 (802) ya tafi Makka da 'ya'yan nan biyu da alƙalai da sarakunan yaƙi, ya sa kowane ɗa ya rubuta takardar rantsuwa. Abin da ke ciki a taƙaice shi ne, Amin zai zama halifa a Bagadaza. Ma'amun zai riƙe lardin Hurasan a gabas, da harajinsa da rundunarsa, ba tare da Amin ya sa masa hannu ba. Ma'amun zai yi wa Amin biyayya, in Amin ya rasu kuma shi zai gaje shi. Aka ɗora kaffara mai nauyi a kan duk wanda ya saɓa: sakin matansa, 'yanta bayinsa, sadakar da dukiyarsa, da zuwa hajji a ƙafa. Aka karanta wa jama'a, shaidu suka sa hannu, aka rataye takardun a cikin ɗakin Ka'aba.

Yadda aka warware alƙawarin

Kafin Haruna ya rasu, Hurasan ta rikice. Gwamnan da ya ajiye a can, Ali ɗan Isa ɗan Mahan, ya matsa wa mutane da haraji da ƙwace, ya wulaƙanta manyan ƙasar. Ana cikin haka wani mai suna Rafi'u ɗan Laisu ya yi tawaye a Samarƙandi, jama'a da yawa suka bi shi. Haruna ya tuɓe Ali, ya sa aka kama shi, sannan ya tashi da kansa zuwa gabas. A hanya ciwo ya tsananta, ya rasu a garin Ɗus a 193 (809). Ku riƙe sunan Ali ɗan Isa, zai dawo.

A nan sai wazirai biyu suka shigo, kuma duk sunansu Fadlu. Na Amin shi ne Fadlu ɗan Rabi'u, za mu kira shi Fadlun Bagadaza. Na Ma'amun shi ne Fadlu ɗan Sahlu, za mu kira shi Fadlun Marwu, domin a birnin Marwu, cikin ƙasar Turkmenistan ta yau, Ma'amun ya zauna. Haruna ya bar wasiyya cewa rundunar da ke tare da shi a Ɗus da dukiyar da ke hannunta su tafi ga Ma'amun. Fadlun Bagadaza ya ƙi, ya kwashe su ya koma wurin Amin. Tun daga ranar ya san in Ma'amun ya hau gado ba zai sha da daɗi ba, sai ya duƙufa yana zuga Amin ya cire wansa daga gado ya sa ɗansa.

Wasiƙu suka yi ta kai da komo. Amin ya nemi a ba shi wasu gundumomi na Hurasan, a kuma karɓi ma'aikatansa na haraji da na kai labari, daga baya ya ce Ma'amun ya zo Bagadaza da kansa. Ma'amun, bisa shawarar wazirinsa, ya ƙi duka. Ya sa masu tsaro a hanyoyi suna bincikar matafiya da wasiƙu, ya daina sa sunan Amin a kuɗin da ake bugawa a lardinsa. Ya kuma jawo mutanen Hurasan a jiki, ya rage musu rubu'in haraji, yana zama da malamai yana sauraron ƙarar talakawa. Har Rafi'u mai tawaye ya ajiye makami.

A farkon shekara ta 195 (ƙarshen 810) Amin ya hana ambaton Ma'amun a huɗubar Juma'a, ya naɗa ɗansa Musa, yaro ƙarami, ya zama magaji. Sannan ya aika Makka aka ɗauko takardun nan daga Ka'aba, aka kawo masa, ya yayyage su. Wani daga cikin manyan sarakunan yaƙinsa ya yi masa nasiha cewa kada ya koya wa sojoji tuɓe shugaba, domin wata rana shi za su tuɓe, kada kuma ya sa su karya rantsuwar wani, domin tasa za su karya. Amin bai saurara ba.

Tafiyar Ali ɗan Isa

To wa Amin ya zaɓa ya ja runduna zuwa Hurasan? Ali ɗan Isa ɗan Mahan, wanda ya fito da shi daga tsare. Dattijo ne da ya daɗe cikin harkar yaƙi, kuma babba ne a cikin sojojin Bagadaza, jikokin mutanen da suka kafa daular. Amma duk duniya babu wanda mutanen Hurasan suka ƙi kamarsa. Da suka ji shi ne ke tafe, sai kowane mai gona da kowane mai sarauta ya gane cewa in Ma'amun ya faɗi, tsohon azzaluminsu ne zai dawo kansu. Da wannan naɗi kaɗai Amin ya tara wa wansa mayaƙa masu yaƙi da zuciya ɗaya.

Malaman tarihi, irin su Imam Ɗabari wanda ya kawo labarin dalla-dalla, sun ce rundunar ta kai mutum 40,000, wasu suka ce 50,000, da dawakai da sulke da makamai irin waɗanda mutanen Bagadaza suka ce ba su taɓa ganin kamarsu ba. Kafin Ali ya tashi, ya je sallama wurin Zubaida. Ta yi masa wasiyya cewa in ya kama Abdullahi ya san darajarsa, kada ya gaya masa baƙar magana, kada ya wulaƙanta shi, in zai hau doki ya riƙe masa likkafa. Sannan ta ba shi mari na azurfa, ta ce in ya zama dole a ɗaure shi, da wannan za a ɗaure. Kun ga a Bagadaza ba wanda ke tunanin za a iya cin su. Shirin kama fursuna ake yi tun ba a ga abokin gaba ba.

Runduna ta kama babbar hanyar Hurasan, ta bi ta Nahrawan, ta hau duwatsu ta Hulwan, ta wuce Hamazan, ta nufi Rayyu. A hanya suka riƙa gamuwa da ayarin fatake, suna ba su labari cewa wani Ɗahiru ɗan Husaini yana Rayyu yana shirya mutanensa yana gyara makamai. Ali ya yi dariya, ya kwatanta Ɗahiru da 'yar ƙaya a jikin reshensa, ya ce irin su Ɗahiru ba su isa jan runduna ba, da ya ji sun ƙetare duwatsun Hamazan zai gudu. Da suka kusa Rayyu, na kusa da shi suka ba shi shawara ya tura 'yan leƙen asiri, ya tattara rundunar wuri ɗaya, ya haƙa gwalalo kewaye da sansani saboda harin dare. Ya ce Ɗahiru bai kai a yi masa wannan shiri ba. Dabarar da ya yi ita ce, ya aika wa sarakunan duwatsun Dailam da Ɗabaristan kyautar takubba da mundaye, ya ce su tare hanya tsakanin Rayyu da Hurasan. Damuwarsa duk kada Ɗahiru ya tsere masa.

Shawarar Ɗahiru

Wane ne Ɗahiru? Mutumin Bushanji ne, wani ƙaramin gari kusa da Hirat a ƙasar Afganistan ta yau. Shekarunsa wajen talatin da biyar, ba a san shi sosai ba a lokacin, kuma gidansu na cikin gidajen da suka sha wulaƙanci a hannun Ali sa'ad da yake gwamna. Mayaƙan da ke tare da shi ba su wuce 4,000 ba. Ku yi lissafi, kowane mutum ɗaya nasa yana fuskantar goma.

Ya tara manyan mutanensa ya nemi shawara. Suka ce a shiga cikin Rayyu a rufe ƙofofi, a fake da ganuwa har gudummawa ta iso daga Marwu. A ido wannan ita ce shawarar hankali. Ɗahiru ya ƙi, ya kuma faɗi dalilinsa. Mutanen Rayyu suna tsoron Ali, in suka ga ya yi wa garin zobe, tsoro zai sa su juya su taimake shi, a wayi gari ga maƙiyi a waje ga maƙiyi a ciki. Ban da haka, in ƙaramar runduna ta zauna tana kallon babba kullum, zuciyarta karyewa take yi. Gara a fita a yi karo tun ƙarfin zuciya na nan. Ya fita da mutanensa ya yi sansani kamar farsakhi biyar daga garin. Farsakhi ɗaya ya kusa kilomita shida.

Akwai wata matsala kuma. Ali ya zo ne da sunan halifa. In Amin ne halifan da kowa ya yarda da shi, to Ɗahiru da mutanensa 'yan tawaye ne, kuma soja ba ya sakin jiki ya yi yaƙi in yana ganin kansa mai laifi. Wani babban na hannun daman Ɗahiru, Ahmadu ɗan Hisham, ya kawo mafita. Aka shelanta cewa an tuɓe Amin saboda ya karya alƙawari, aka yi wa Ma'amun mubaya'a da halifanci. Daga nan kowane soja ya san a ƙarƙashin wa yake yaƙi, da kuma hujjarsa.

Sai Ali ya ƙara yi musu wani taimakon da bai sani ba. Wasu daga cikin mutanen Ɗahiru suka tsorata, suka gudu zuwa sansaninsa suna neman amana. Maimakon ya karɓe su hannu biyu don sauran su biyo, sai ya sa aka yi wa wasu bulala, ya ci mutuncin sauran. Labari ya komo sansanin Ɗahiru. Duk mai tunanin sauya sheƙa ya ga abin da ke jiransa, ya gyara ɗamara.

Ranar karo

Da gari ya waye aka ja daga. Ali ya tsara rundunarsa da ɓangaren dama da na hauni da tsakiya. A tsakiya ya jera tutoci goma, kowace da jama'arta, ɗaya bayan ɗaya, tsakanin kowace tuta da mai bi mata nisan harbin kibiya. Ya sa masu sulke a gaba. Umarninsa shi ne, in tuta ta farko ta yi faɗa ta gaji, ta ja baya ta huta, ta biyu ta shigo. Shi kuma ya tsaya a tsakiya cikin zaɓaɓɓun baradensa. Tsari ne mai kyau ga mai yawan jama'a, muddin kowace tuta ta ja baya a natse. Ɗahiru kuwa ya kasa nasa mutanen ƙungiya ƙungiya, yana zagayawa yana ƙarfafa musu zuciya, yana tuna musu cewa su ne masu riƙe da alƙawari.

Abin da ya ji tsoro kuwa ya faru, mutanen Rayyu suka rufe ƙofofin gari a bayansa. Ya ce wa mayaƙansa su manta da na baya su fuskanci na gaba, domin yanzu ba abin da zai fisshe su sai dagewa.

Kafin a haɗu, Ahmadu ɗan Hisham ya ɗauko takardar mubaya'ar da Ali da kansa ya taɓa karɓa wa Ma'amun daga mutanen Hurasan a zamanin Haruna. Ya soke ta a tsinin mashi, ya fita tsakanin rundunonin biyu bayan an ba shi amana, ya ɗaga ta, ya kira Ali ya tuna masa da tsoron Allah, da cewa ga rantsuwarsa, ga shi kuma ya tsufa ya kusa kabari. Ali bai ba da amsar hujja ba. Cewa ya yi duk wanda ya kamo masa mutumin nan yana da dirhami dubu. Dubban sojojinsa suna tsaye suna kallo suna ji.

Sai wani barde ya fito daga rundunar Ali yana neman mai karawa da shi. Ɗahiru da kansa ya fita, ya kama takobi da hannu biyu ya sare shi ya faɗi. Wasu malamai sun ce daga nan ya samu laƙabin Zul Yaminaini, wato mai hannun dama biyu.

Daga nan aka gwabza. Da farko yawa ya yi aikinsa. Ɓangaren dama na Ali ya auka wa hauni na Ɗahiru ya tarwatsa shi, ɓangaren hauninsa kuma ya ture dama na Ɗahiru daga inda yake. Saura kaɗan a yi musu zobe. A wannan sa'a Ɗahiru ya yanke shawarar da ta juya yaƙin. Bai rarraba sauran mutanensa don ceton gefuna ba. Ya ce a tattara duk ƙarfi a kan tsakiya, domin in aka karya tuta ɗaya, ta gaba za ta faɗa kan ta baya. Ya tara mayaƙa 700 mutanen Hawarizim ya sa su a gaba, suka nufi tutar farko da gudu ɗaya.

Tutar farko ba ta samu damar ja da baya a natse ba, korar ta aka yi. Ta faɗa kan ta biyu, ta biyu ta faɗa kan ta uku, dawakai da mutane suka cakuɗe, umarni ya daina isa ga kowa. Jerin da aka shirya don a riƙa hutawa ya zama hanyar da ruɗani ya bi har ya isa inda Ali yake tsaye. Da mutanen Ɗahiru na dama da hauni suka ga tsakiya ta karye, sai suka juyo suka auka wa masu korar su. Ali ya riƙa kiran baradensa, waɗanda ya yi wa kyautar mundaye da rawuna, su dawo su tsaya. Ana cikin haka kibiya ta same shi ya faɗi, aka sare kansa aka kai wa Ɗahiru.

Da shugaba ya faɗi, rundunar ta watse. Ba a kashe mafi yawansu ba, gudu suka yi. Aka bi su kamar farsakhi biyu har dare ya raba. Ɗahiru ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya ajiye makami ya tsira, da yawa kuwa suka zubar da makamai suka sauka daga dawakai. Ya koma Rayyu, garin da ya rufe masa ƙofa da safe. Wani abin tausayi, a wannan gari na Rayyu aka haifi Haruna Rashid, uban masu yaƙin.

Labari ya isa gidajen biyu

Ɗahiru ya rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa Marwu, layi kaɗan, yana sanar da cewa kan Ali na gabansa, zobensa na hannunsa, rundunarsa kuma ta shiga ƙarƙashin umarninsa. Tsakanin Rayyu da Marwu akwai kamar farsakhi 250, amma masu kai saƙo, suna sauya dabbobi a zango zango, suka kai ta cikin kwana uku. Fadlun Marwu ya shiga wurin Ma'amun ya yi masa albishir, aka gaishe shi da sunan Amirul Muminina.

A Bagadaza kuwa, an ruwaito cewa labarin ya iske Amin a bakin kogi yana kamun kifi da baransa Kausar, ya ce wa manzon ya ƙyale shi, Kausar ya kama biyu shi bai kama ko ɗaya ba. A nan sai ɗalibi ya yi hattara. An rubuta yawancin labaran nan ne bayan Ma'amun ya ci nasara, kuma wanda aka kayar ba ya samun mai kare shi. Shi ma Ma'amun da wazirinsa sun ja igiyar har ta tsinke. Amma yage takardun Ka'aba da fara tura runduna, wannan daga Bagadaza ya fito.

Abin da ya biyo baya

Amin ya sake tura mutum 20,000 ƙarƙashin Abdurrahman ɗan Jabala. Ɗahiru ya ci su a Hamazan, aka kashe Abdurrahman. A 196 aka tura wasu rundunoni biyu, kowace 20,000. Suka sauka a Haniƙin, Ɗahiru ya cusa musu masu baza jita-jita a kan albashi, suka yi faɗa da juna suka koma gida ba su ko gan shi ba. A shekarar nan kuma gwamnan Makka, Dawuda ɗan Isa, wanda ke cikin shaidun takardun Ka'aba, ya tara mutane ya tuɓe Amin ya bi Ma'amun, hujjarsa ita ce karya alƙawari. Nasihar da aka yi wa Amin ta tabbata a cikin gidansa ma, domin Husaini, ɗan Ali ɗan Isa na cikinsa, ya tayar da sojoji a Bagadaza ya tuɓe Amin ya tsare shi na 'yan kwanaki, kafin wasu sojojin su mayar da shi.

A ƙarshen 196 (812) Ɗahiru da wani tsohon sarkin yaƙi, Harsama ɗan A'ayan, suka yi wa Bagadaza zobe. Aka fi shekara guda ana faɗa unguwa unguwa. Aka yi ta jifa da manjaniƙi, wato na'urar jefa manyan duwatsu, ana cinna wa gidaje wuta, abinci ya yi tsada, fatake suka gudu. Da manyan sojoji suka watse wa Amin, talakawan birni ne suka tsaya masa, ba sulke, garkuwarsu ta tabarma, makaminsu majajjawa. Birnin da Mansur ya kafa a 145 (762), wanda ba shi da na biyu a duniyar Musulmi, 'ya'yan gidan ne suka rusa unguwanninsa da hannunsu. A Muharram na 198 (Satumba 813) Amin ya shiga jirgin ruwa a kogin Dijla don ya miƙa kansa ga Harsama. Mutanen Ɗahiru suka kifar da jirgin, suka kama shi, suka kashe shi cikin dare. Bai cika shekara talatin ba. Aka aika wa wansa da kansa.

Masu nasarar fa? An kashe Harsama a kurkuku a Marwu a 816. An kashe Fadlun Marwu a ɗakin wanka a garin Sarahsa a 818. Fitina ta ci gaba a Iraƙi, Ma'amun bai shiga Bagadaza ba sai a 204 (819). Ɗahiru ya zama gwamnan Hurasan a 821, ya rasu a 822, zuriyarsa suka riƙe lardin suna gadon juna har 873. Fadlun Bagadaza kuwa, wanda ya hura wutar, ɓuya ya yi da abu ya ɓaci, daga baya Ma'amun ya yafe masa, ya mutu a kan shimfiɗarsa.

Darussan da za mu ɗauka

Na farko, alƙawari kaya ne. Allah ya yi umarni da cika shi a Suratun Nahli aya ta 91 da Suratul Isra'i aya ta 34, ku duba ku haddace. Ranar da Amin ya yage takardun nan, ya kwance igiyar da ta ɗaure sojojinsa da gwamnoninsa gare shi, shi ya sa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ali yana da mutane da makamai da tsarin yaƙi mai kyau. Raini ne ya hana shi tura 'yan leƙen asiri, ya hana shi jin shawara, ya sa ya wulaƙanta masu neman amana. Ɗalibin da ya raina jarrabawa ko ya raina abokin karatunsa, ya tuna da shi.

Na uku, zalunci bashi ne. Abin da Ali ya shuka a Hurasan yana gwamna, shi ya girba a Rayyu.

Na huɗu, wannan naku ne iyayenmu. 'Yan ubanci ba a gidan sarauta kaɗai yake ba. Haruna ya rubuta takarda, ya kafa shaidu, ya rataye ta a wuri mafi tsarki, amma kowane ɗa ya tashi da jama'arsa daban da masu zuga shi daban. Rubuta wasiyya da kafa shaidu abu ne mai kyau, a yi shi. Tare da haka a haɗa kan yara tun suna ƙanana, a yi adalci tsakanin ɗakuna, kada a bari ɗan wannan ɗaki ya tashi yana ganin ɗan wancan abokin gaba ne. A kuma kula da masu kai gulma tsakanin 'yan uwa, domin sau da yawa in wuta ta kama su ne ke tsira. In kuwa rikici ya riga ya auku, aikin sauran Musulmi shi ne sulhu, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurati aya ta 9 da ta 10.

Tambayoyi

1. Mene ne sharuɗɗan da ke cikin takardun da aka rataye a Ka'aba a 186?
2. Don me naɗin Ali ɗan Isa ya amfani Ma'amun?
3. Kawo dalilai biyu da suka sa Ɗahiru ya ƙi fakewa a cikin Rayyu.
4. Bayyana yadda jerin tutoci goma ya zama sanadin karyewar rundunar Ali.
5. Ka zana taswira, ka nuna Bagadaza da Hamazan da Rayyu da Marwu.

Kowane ɗalibi ya rubuta amsoshinsa a littafinsa na tarihi ya kai wa malamin ajinsu. Wanda bai iya karatun boko sosai ba, ya nemi yayansa ko mahaifinsa ya karanta masa, a tattauna a gida bayan sallar Isha'i.

Allah ya haɗa kan Musulmi, ya kare gidajenmu da ƙasarmu daga fitina, ya sa mu cikin masu cika alƙawari. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.